Nonon Fari na Dabinon Gidanmu

Shekarar da rana ta yi husufi da tsakar rana, har kaji suka nufi akurki, a ita ce dabinon gidanmu a Damagaram ya fara haihuwa. Fari ya riga ya cinye gero, buhun agaji muke jira.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya dasa shi. Wani manomi a bakin tafkin Gidimuni ya cire masa ɗan dabinon daga gindin uwarsa. Al'adarsu can, wanda ya ba ka ɗan dabino, nonon fari nasa ne. Mahaifina ya rubuta alkawarin da ajami, ya sa a gafakarsa, bai kai ga ganin 'ya'yan ba.

Maiɗakina ta dubi nonon, ta dubi yara, ta ce wa ya san ma mutumin yana raye. Ban musa mata ba. Na dai naɗe nonon a tabarma, na ɗauki takardar alkawarin, na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Gidimuni.

Na tarar da tafkin ya ja baya sosai. A inda ruwa ya bari, bakunan tsofaffin rijiyoyi sun fito, da turakun shingen mutanen da. Dinya da balbela sun cunkushe a sauran ruwan, kusa da masu ban ruwa, ba mai jifarsu. Aka ce mini kakanni ne suka hana farauta a wannan gefen. Na daɗe a zaune ina kallo, ina tasbihi.

Manomin yana nan, ya tsufa, idonsa ya tafi. Na gaishe shi, na karanta masa takardar. Ya yi dariya, ya ce ya tuna baƙon birni da bai iya riƙon gatari ba. Uwar dabinon, in ji shi, ta bushe bara.

Ya laluba ya tsinki ɗaya, ya daɗe yana tauna.

"Ita ce," ya ce. "Ɗana, ashe tana Damagaram."

Na ce, "Baba, naka ne duka."

Ya sa aka raba wa maƙwabta, aka zuba mini kuɓewa busasshiya da rogo in kai wa yara. Sannan ya karɓi takardar, ya shafa ta, ya mayar mini.

"Ka ajiye. Ni da ubanka babu sauran komai."