Yadda Baba Kofur Ya Kulle Wayata a Gadurum

'Yan gidanmu, ina kuke? Kowa ya hau onlayin, yau bakina ba zai rufu ba!

Wa ya manta usur ɗin Baba Kofur? Ana sallame asuba, fiiit! Mu jikoki mu jeru a tsakar gida, kowa ya miƙo farce a duba. Har awaki sai sun shiga layi. Kakan namu ya bar soja tun kafin a haifi babana, amma an rasa mai ƙarfin halin gaya masa an tashi daga bariki.

Takalminsa na soja kuwa, kullum Juma'a sai ya goge shi yana ƙyalli, sannan ya rataya a kafaɗa, ya taka zuwa garin Kibiya da ƙafa. Wani ɗan acaɓa ya taɓa tsayawa.

"Baba, hau in kai ka kyauta."

"Ƙafar nan gwamnati ce ta horar da ita. Mashin ɗinka wa ya horar da shi?"

"To ko takalmin ka saka mana!"

"In ƙafata ta tsage za ta warke. In shi ya tsage kai za ka ɗinka?"

Tab! Mutum ɗaya yake tsoro a duniya, kakarmu Inna, wadda yake kira Kwamanda. Ranar nan yana tsakiyar zazzaga mana masifa ta leƙo: "Malam, gishiri ya ƙare." Wallahi ƙamewa ya yi, ya sara mata, ya sallami fareti, ya nufi shago shaf-shaf.

To bara da na faɗi jarrabawar shiga jami'a, na sha kuka na ce ni na haƙura da boko, awara zan soya.

"Wa ya ba ki umarnin ja da baya, Zainabu?"

Ya kama babban yatsana ya ɗaga. "Ga abokin gaba nan, sarkin latsa waya." Kafin in ce uffan ya fizge wayata, ya hau rumbu, ya tura ta cikin dawa. "Gadurum! Wata uku!"

Ziyarar wayar ranar Juma'a ce kawai, minti goma, yana tsaye da agogo. Rabin lokacin ya tafi a neman caji. Na lallaɓa wajen Inna na ce ta saka baki.

"Ai ni na ba da umarnin, 'yar nan."

Shi ke nan, an gama da ni! Kullum da hantsi ya zaunar da ni a zaure, in karanta tambaya in ba da amsa. Bai san komai a kimiyya ba fa, amma sai ya ce, "Ban san ko daidai ba ne, amma muryarki ta yi rawa. Sake!"

Na sake rubuta jarrabawar a Rano. Da damina ta sauka Baba Kofur ya kwanta ciwo, kwana huɗu Allah Ya karɓi abinsa.

Yau sunana ya fito, jama'a. Na samu! Na kwasa da gudu ina ihu, "Baba Kofur, na ci!" Sai da na dafa ƙofar zauren na tuna.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Yadda ka tsare mu, Allah Ya tsare ka daga duk wani firgici, Ya sanyaya makwancinka, Ya ƙara wa Inna haƙuri. Amin.