Jummare ta Juya Tabarma

Duk yaron da ya tashi a unguwar Hausawa ta Doka, can yankin Gadarif kusa da iyakar Habasha, ya san Goggo Jummare, kuma ya sha faɗa a bakinta saboda rana. Kada ka kuskura ka ce mata "da safe" ka yi shiru. Wace safiya? Sanyin safiya, ko hantsi, lokacin da rana ta ɗaga ta fara cizon ƙeya? In ta take tsaka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, tsakar rana ke nan. In ta karkata azahar ta yi, in ta yi sanyi la'asar, in ta yi jajawur ta faɗi sai almuru. Yaran da Larabci ya fi zama a bakinsu sukan kira rana "shamis" a gabanta don tsokana, ita kuwa ta bi su da muciya.

Ba a nan aka haife ta ba. Daga ƙasar Haɗeja suka taso, ita da mijinta Cindo, da niyyar aikin hajji. Tun tana ƙarama abu ɗaya ta sani: inda rana take fitowa, can Makka take, can ake kallo a yi salla. Suka yi ta bin fitowar rana, noma nan, ƙodago can, har guzuri ya ƙare musu a Gadarif, zamanin da taraktoci suka fara keta baƙar ƙasar nan. Cindo ya shiga yankan dawa da riɗi a wata gona da ido ba ya ganin ƙarshenta. A can zazzaɓi ya ɗauke shi.

Jummare ta ci gaba da zama a kambo, wato bukkokin ma'aikatan gonar, tana dafa musu abinci. Ita kaɗai ce mace. Maza suna sallarsu a bakin aiki, ita tana tata a bayan bukka, ba mai ganinta. Filin nan ba dutse ba itace, rana kan ɓullo daga ƙasa ƙatuwa kamar faifai, har tsigar jikinta ta tashi. Ta lura cewa da damina ranar tana fitowa ta hagu, da sanyi ta gusa dama. Ita kuwa baiwar Allah sai ta riƙa jan tabarmarta tana bin ta. Haka ta yi shekara da shekaru.

Da ƙarfi ya fara ja baya ta ƙaura zuwa Doka. Washegari maƙwabciyarta Shatu, haifaffiyar garin Mafaza, ta leƙo ta tarar ta sallame sallar walaha.

"Ya Goggo, ina kika dosa haka?"

"Gabas mana."

"La, la, a'a! Wannan hanyar Habasha ce. Gibla, alƙiblar salla, ga ta can." Ta nuna wajen arewa, can hagu da mafitar rana.

Jummare ta bi hannun Shatu da kallo. Sallolinta na duk shekarun kambo, da addu'ar da take yi wa Cindo bayan kowace ɗaya, ashe wani waje take aika su? Ranar ko ruwa bai wuce mata da daɗi ba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ko a dajin hanya ba ta ji ba.

Da sanyin safiya ta tari liman, Malam Kasim, a ƙofar masallaci. Bai yi mata dariya ba. Ya tsuguna ya ɗiga yatsa a ƙasa. "Ga garinku." Ya ja dogon layi. "Ga Doka." Ya ɗiga wani a sama kaɗan. "Ga Makka. Daga garinku tana gabas, sah, gaskiya ne. Amma kun yi ta tafiya har kuka zo ta gefenta."

"Sallolina fa, Malam?"

"Kin yi iya saninki, ya Goggo. Allah ba ya tozarta wannan. Kalas, shi ke nan, juya tabarmarki kawai."

Ta sauke numfashi, amma ba ta tashi ba. "To ita ranar, daga ina take fitowa?"

"Daga bayan Habasha, daga bayan teku, daga bayan Makkan ma. Akwai Musulmin da ke juya mata baya da safe in za su yi salla. Kuma wannan da kike gani ta fito mana, a garinku yanzu ko ɓullowa ba ta yi ba."

"Subhanallahi," in ji Jummare. Ta ɗaga kai ta dubi ranar da ta yi rabin rayuwarta tana bi, sai ta ji kamar yau ta fara ganinta.

Sannan ta sunkuya kan zanen. Ta auna daga garinsu zuwa Doka, taƙi guda har da ɗoriya. Ta auna abin da ya rage, yatsu uku suka rufe shi. Cindo ya rasu yana cewa ko rabin hanya ba su yi ba, don kullum yana ganin rana a nesa.

Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zuba. "Cindo," ta ce a hankali, "ashe mun kusa."