Yadda Nilda Ta Koma Kujerar Baya

A unguwarmu ta Boedo, in ka kai shekara arba'in ba ka da likitan damuwa, kallon marar gata ake yi maka. Mahauci yana da nasa, mai gyaran famfo yana da nasa. Ni kaina shekarata goma sha tara ina kwanciya a doguwar kujerar Dokta Lerner duk ranar Talata, kuma har yau ba mu gama da mahaifiyata ba. A kaf danginmu mutum ɗaya ne ya ƙi, wato yayana Osvaldo, direban tasi. Cewa yake lafiyarsa ƙalau. Mu kuwa mun san babu babbar alamar ciwo kamar wannan.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana zagaya Buenos Aires a baƙar motarsa mai rufi ruwan ɗorawa. Duk wanda ya taɓa zama a bayansa ya san bakinsa ba ya hutawa. Kafin ya kai ka inda za ka, ya gyara maka ƙwallon ƙafa, ya gyara gwamnati, ya ba ka maganin ciwon gwiwa. Amma da ya kashe mota ya zauna gaban matarsa Nilda, sai ka ce an ɗinke masa baki. Ta miƙa masa ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha, ya zuƙe, ya mayar mata. Ta ce yaya aiki, ya ce lafiya. Hirar ranar ke nan.

Nilda ta yi haƙuri shekara talatin da ɗaya, don hayaniyar 'ya'ya tana rufe shirun. Da autarsu ta yi aure, gidan ya rage daga ita sai shi sai agogon bango. Wata Lahadi cikin Agusta muna cin gasasshen nama, ta ajiye wuƙa.

Ta ce, "Tsoho, ƙarshen Fabrairu zan koma Rosario wurin ƙanwata. Ba faɗa muka yi ba, ina ma a ce faɗan ne. Ka nemi likita ya buɗe bakin nan, ko in tafi inda ake amsa mini magana."

Osvaldo ya dube ta, ya buɗe baki. Duk muka tsaya da tauna. Sai ya sa yankan nama a ciki.

Ni na ɗauki nauyin nemo masa likita, tunda ni ce mai dogon zama a harkar.

Ta farko wata matashiya ce, Dokta Quiroga, irin 'yan zamanin nan da ba ruwansu da yarintarka. Ta ba shi takarda mai layi-layi, ya riƙa ba zuciyarsa maki daga ɗaya zuwa goma, safe da rana da yamma. Ta kuma ba shi aikin gida: magana uku ga matarsa kullum. Bayan mako uku ya mayar da takardar, biyar ce daga sama har ƙasa. Maganganun kuwa bai taɓa fashi ba: "Gishiri ya ji." "Kamar za a yi ruwa." "Ina makullina?" Likita ta ce an samu ci gaba mai aunuwa. Nilda ta ce ta zo ta auna a gidanta.

Na biyu wani Fabián ne, mai yawo ba takalmi, da ke tara mutane ashirin a wani zaure a saman kantin katifa. A wurinsa baƙi ne ke tsayawa a madadin danginka, matattu da rayayyu. Wani ƙaton likitan haƙori ya tsaya a matsayin mahaifinmu, ya durƙusa gaban Osvaldo yana kuka da majina yana neman gafara. Kowa a zauren ya yi hawaye, har da ni. Da muka fito na ce, "Yaya, me ka ji a ranka?"

Ya ce, "Graciela, Baba ko a coci ba ya durƙusawa."

Ta uku likitar ma'aurata ce. Ta zaunar da su gwiwa da gwiwa, ta ce su dubi idon juna minti biyar, sannan kowa ya faɗi abin da ya gani. Osvaldo ya jiƙe sharkaf da gumi, bai iya furta komai ba. Wannan kam ba abin dariya ba ne. Nilda ta zo gidana ta zauna a kicin, ta ce, "Yadda yake kallon ɗan sandan hanya haka yake kallona." Ranar na fara jin tsoro da gaske, don na ga ta daina fushi.

Na huɗu, Dokta Etchegaray, ɗan mazhabar da ke yanke zama a duk inda likita ya ga dama ne. Osvaldo ya zauna, suka yi ta kallon juna, can ya numfasa ya ce, "To." Likita ya miƙe tsaye ya ce, "Mu tsaya nan, ka je ka yi tunani a kan abin da ka faɗa." Minti huɗu. Osvaldo ya fito yana yabonsa, wai bai taɓa ganin ƙwararre irinsa ba. Nilda ta hana shi komawa.

Dokta Lerner ba ya haɗa yaya da ƙanwarsa a kujera ɗaya, sai ya tura mu wurin tsohon malaminsa, Dokta Abramo, mai shekara saba'in da takwas. Ɗaki mai duhu-duhu a unguwar Palermo, doguwar kujera, likita yana zaune ta bayan kanka da ɗan littafinsa. Osvaldo ya kwanta yana kallon silin. Abin mamaki, sai baki ya ɓalle. Minti hamsin yana zuba, har alƙalamin tsohon ya ƙare. Duk Alhamis da ƙarfe biyar haka. Dokta Abramo ya ce ya gano tushen ciwon, yaye ne aka yi masa da wuri. Na ji daɗi ƙwarai, don ni ma abin da aka gano mini ke nan.

Sai dai a gida ba abin da ya sauya. Zuwa Disamba, a labarin yarintarsa, sun kai aji biyu na firamare. Osvaldo ya tambaya yaushe za su iso kan Nilda.

Likita ya ce, "Gaggawar nan taka ma abin dubawa ce. Shekara huɗu ko biyar, in ba mu samu tsaiko ba."

Fabrairu kuwa, watan zafi da hutu a wurinmu, kowa ya san ba a haukacewa a garin nan. Likitocin damuwa gaba ɗaya suna bakin teku suna shanya ciki, mai matsala sai ya jira Maris. Osvaldo ya yi ta buga waya, na'ura tana gaya masa ranar dawowa. Ya rame. Na taɓa samunsa a mota ƙofar gida yana gwada magana shi kaɗai, ya shiga ciki ya ce gishiri ya ji.

Ranar ƙarshe ta wata, da hantsi, rana tana dukan kwalta, Nilda ta fito da akwati biyu. Shi zai kai ta tashar Retiro, ni kuma 'yar rakiya da fulas ɗin ruwan zafi a hannu. Ya buɗe mata ƙofar gaba, inda take zama tun suna saurayi da budurwa.

Ta ce, "A'a. Yau fasinja ce ni." Ta buɗe baya ta shige. Dole na zauna gaba.

Mun yi tafiyar minti biyar. Sai muka faɗa cunkoso inda ake haƙa titi. Osvaldo ya gyara madubi, ya yi tsaki.

"Kin gani ko, baiwar Allah? Ramin nan tun bara suke haƙa shi. Su rufe, su buɗe. Matata ta ce ƙila zinariya suke nema."

Na juya na dube shi. Idonsa yana kan hanya.

"Ai matata akwai baki. Rabin garin nan sun san ta. Duk wanda ya shiga motar nan ya san ita ke cinye gefen burodin da ya ƙone ta bar mini mai kyau, tana zaton ban lura ba. Ya san shekarar da injin motar nan ya buga ta sayar da keken ɗinkinta, ta ce mini wai ɗinkin ne ya ishe ta. Na san shagon da keken yake. Shekara biyu ina canza hanya don kada in wuce ta wurin."

Aka ba mu hannu, ya ja.

"Na gaya wa lauyoyi, na gaya wa mashaya, har wani fada na coci na gaya wa. Ita kaɗai ce ban gaya wa ba. In na dubi fuskarta sai in ga maganar ta yi mata kaɗan, kunya ta kama ni. Yau za ta tafi. Ni kuma in na tashi aiki ban san inda zan nufa da motar ba."

Tashar ta bayyana a hannun dama, manyan motoci jere. Ya wuce ta.

Nilda ta ce, "Direba, ka wuce tashar."

"Na gani, baiwar Allah."

Ta fyace hanci. "Wannan matar taka, sai me kuma ta yi?"

Ya taka burki a bakin danja. A karon farko tun safe ya dube ni. "Graciela, sauka nan."

Haka suka bar ni a rana da fulas a hannu, na hau bas na koma gida. Kuka na yi a hanya, rabi na murna, rabi kuwa hassada ce tsagwaronta, ba zan ɓoye ba. Likita biyar da ni ta shida, ba wanda ya lura cewa mutumin nan shekara talatin da huɗu bai taɓa magana da wanda ke gabansa ba.

Da Maris ta kama, Dokta Abramo ya ce wannan gudun magani ne, ciwon yana nan. Dokta Quiroga ta ce aikin gidanta ne ya yi tasiri a makare. Fabián ya ce Baba ne ya sake shi. Dokta Lerner ya tambaye ni me ya sa na zaɓi zama a gaba, kuma muna kan wannan tambayar har yanzu.

Osvaldo a gida yana nan yadda yake, gishiri yana ci gaba da ji. Amma duk Alhamis da ƙarfe biyar Nilda takan shafa jan baki, ta ɗauki jaka, ta buɗe ƙofar baya. Rannan na fito daga kasuwa da kaya niƙi-niƙi, na hango motar tana tafe a hankali, bakinsa yana ta motsi. Na ɗaga hannu. Ya rage gudu, Nilda ta sauke gilashi.

Ta ce, "Yi haƙuri, 'yar uwa, akwai fasinja."