Karen da Ya Tsaya a Bakin Teku

A saman bene muke zama a unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira, ɗakuna biyu da rufin kwano, mu da Baba da Umma da kakata ta wajen uba. Habboba muke ce mata, yadda ake kiran kaka a Sudan inda aka haife ta, amma Hausarta ta mutanen dā ce, wadda kakanninta suka taho da ita a ƙafa. Lokacin sanyi, da an idar da magariba, takan hura gawayi a kasko ta soya gahawa, mu yara mu kewaye ta muna ɗumama hannu. Ba kullum take tatsuniya ba. Sai ta ga dama.

Shekarar da nake aji uku wata karya ta haihu a ƙarƙashin matakalarmu. Habboba ta riƙa sauka a hankali, tana dafa bango, ta kai mata guntun burodi jiƙe da ruwan miya. Mai gidan, wani Bamasare mai yawan tari, ya tare Baba ya ce ko tsohuwa ta daina ko mu nemi wani wuri. Mu kuwa ba mu da wani wurin. Baba ya hau sama ya tsuguna gabanta ya ce, "Inna, ki yi haƙuri ki bari. Gidan ba namu ba ne." Ta ce to.

A yammacin ranar ne ta nuna mana wani tauraro ta gefen sahara, wanda ya fi sauran haske, yana ta ƙyaftawa. "Kun ga wancan? Haki yake yi. Ku matso ku ji abin da ya gajiyar da shi."

Ta ce wani ayari ne ya taso daga ƙasar Hausa zai tafi Makka. A cikinsu akwai wata mata, Tabawa, wadda ba ta da kowa a tafiyar. A wani ƙauye ta ga kare kwance bakin rijiya, harshe waje, ta zuba masa ruwa a sakaina. Da suka tashi sai ya biyo su. Madugu ya ce kare ba ya zuwa ƙasa mai tsarki, ya sa aka jefe shi. Karen bai koma ba. Ya dai koyi nisan da dutse ke kaiwa, yana tafe a bayan wannan nisan, in sun sauka ya kwanta, in sun tashi ya tashi.

Can a tsakiyar daji ruwa ya ƙare. Rijiyar da madugu ya sani ta ƙafe, yara suka daina kuka saboda ba ƙarfi. Da safe Tabawa ta waiwaya ta hangi karen, ƙafafunsa duk ɗanyen taɓo. Ta bi sawunsa har wani kwari, ta tarar da ruwa a ƙarƙashin dutse. Ayari duka ya sha, aka cika salkuna.

"Sai suka bar shi ya shigo cikinsu?" in ji ƙanena Bashir.

"Ina! An sha ruwa an wuce."

Haka suka kai bakin teku. Mai jirgi ya ce ba ya ɗaukar kare. Tabawa ta shiga, karen ya tsaya a kan yashi yana kallon jirgin yana ƙanƙancewa, yana miƙa wuya, yana hawa tudu don ya ƙara gani. Da tudun ya ƙare sai Allah Ya ji tausayinsa Ya ɗaga shi sama, inda teku ba ya ɓoye komai.

Na ce wannan ba adalci ba ne, me ya samu? Habboba ta juya gahawa ta ce, "Ya ga ta haye lafiya."

Akwai wani ɗalibi ɗan Kano, Malam Nuhu, da ke haya a ɗakin da ke kusa da namu, yakan fito shan gahawa. Ya ce cikin ladabi, "Hajiya, tauraro ba kare ba ne. Wannan ma har bauta masa wasu Larabawa suka yi a jahiliyya, aka sanar da su cewa shi ma yana da Ubangiji."

"Ni ban ce ka bauta masa ba, ɗana. Samarin nan na cikin kogo, karensu a ina ya kwanta?"

"A bakin ƙofa."

"To ni ma a bakin ƙofa nake ba da tawa tatsuniyar."

Ya yi dariya ya ce ai ƙofar ma ta haya ce, ba tata ba. Ita ma ta yi dariya, don gaskiya ya faɗa.

Ta cika alkawarin da ta yi wa Baba, ba ta sake sauka ba. Ba a yi mako ba aka zuba guba a layinmu, muka fito makaranta muka ga karyar a miƙe kusa da bola. 'Ya'yan suna ta kuka a ƙarƙashin matakala. Malam Nuhu, wanda ko inuwar kare ba ya son ta taɓa rigarsa, shi ya kwashe su a kwali ya kai wa wani maigadin gareji a can ƙarshen unguwa. Ya dawo ya wanke hannu da ƙasa da ruwa, ya canja kaya, ya tafi karatu. Da Habboba ta yi masa godiya sai ya ce, "Ma'alish, ba komai, Hajiya, kukan ne ya hana ni hadda." Ban san ko sun rayu ba.

Daga baya na yi karatu, na ji cewa mutanen Girka na dā ma kare suke kiran tauraron nan, Misirawan dā kuma fitowarsa da asuba suke jira don su san kogi ya kusa cika. Na shiga gidan tarihi na ga wani baƙin kare na katako, kunnuwa tsaye, kwance a kan akwati yana gadin matacce. Ko Habboba ta ji wani abu cikin waɗannan, ko ita ta ƙirƙiri nata a ranar saboda zuciyarta ta ɓaci, ban tambaye ta ba. Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin labarin butulcin mutane.

Ina da shekara ashirin da wani abu ta fara ciwo, ta ce gida take so, Sudan, kusa da kabarin mijinta. Takardunmu na 'yan gudun hijira ne, wanda ya tsallaka ba lalle ya dawo ba, ga Baba da iyali a wuyansa. Wata maƙwabciya da za ta koma ta yarda ta kula da ita a hanya. Ni da Baba muka raka su a jirgin ƙasa har Aswan. A bakin ruwa ta dafa kansa, mutum mai furfura, ta ce, "Yalla, maza koma wa yaranka." Aka riƙe hannunta aka shigar da ita jirgin ruwan da zai tsallaka da su.

Baba bai tafi ba. Jirgin ya yi nisa, ya hau kan wani tarin buhunan siminti yana kare ido da hannu, har wani soja ya ce ya sauko. A hanyar dawowa bai ci komai ba. Mun kusa Alƙahira wayarsa ta yi ƙara. Maƙwabciyar ce daga Halfa, can gefen Sudan. Ya saurara, ya ce madalla, ya kashe.

"Ta haye," ya ce mini. Sannan ya tambaya ko akwai sauran burodi a jakata.