Tofin Baba da Kyanwar Butik

A gidanmu na Gure kyanwa ta fi ni daraja, kuma ban faɗa don a ji tausayina ba. Baba ɗan Damagaram ne, yana da butik a bakin kasuwa. Bayan shekarun fari, da hatsi ya yi wuya, ita ke tsare buhunan gero daga ɓeraye. Ni kuwa, da aka koro ni daga lakwal ban gama karatun boko ba, aikina auna sukari da jin faɗa. Na wuce shekara ashirin a lokacin.

Da sanyin wata shekara mura mai zazzaɓi ta shiga gari, ta kwantar da mu duka, har da ƙanena. Ni na fara tashi, na je disfansar karɓo wa Inna magani. Anfarme, malamin asibitin, ya ja mini kunne: kada a sha a ƙoƙo ɗaya, mai tari ya kau da fuska, ta yawu ciwon ke bi.

Na dawo na tarar da Baba, hanci na zuba, ya ɗora kyanwa a cinya. Ya karanta addu'a ya tofa a ƙoƙon nono, ya tofa mata a fuska, sannan ya miƙa mata ta lashe. Inna na nishi a ɗaki, ita ko tofi ɗaya ba ta samu ba.

Na ce, "Baba, za ka sa mata murar nan."

Ya ce, "To, lokotoro, babban likita. Addu'ar ce za ta kwantar da ita?"

"Ba addu'ar ba, yawun."

"Rabin karatu ke nan. Tashi ka ba ni wuri."

Kwana uku ana tofi safe da yamma. A na huɗu kyanwa ta fara atishawa, ido ya yi ruwa, ta ƙi nono. Na tsaya ina jiran a ce na yi gaskiya. Baba ya dube ni ya ce, "Ka ga abin da mugun bakinka ya yi? Lafiyarta lau sai da ka ambata. In ta mutu, kada ka sake taka mini butik."

Haka na saka ta a kwando na ratsa gari zuwa wurin likitan dabbobi. Makiyaya na zaune da 'yan shanun da fari ya bar musu, ga ni ƙato da kyanwa. Wani ya ce, "Malam, ta tatsa ce ko ta noma?" Da na ba shi labari, likitan ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce ba shi da allurar kyanwa. In ba ta ruwa, in ajiye ta wuri mai ɗumi, in raba ta da tsohon.

Na kulle ta a ɗakina. Ina ɗiga mata romo da cokali, ina goge mata hanci da gefen rigata, tana yaƙushina. Ban taɓa yi wa mutum jinya haka ba. Baba na daga gado yana aiko mata da tofi a ƙoƙo, ni kuma ina zubarwa bayan danga.

Bayan mako guda ta miƙe. Baba ya ce alhamdu lillahi, tofi ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni dai na san inda ya faɗi.

Washegari na sa riga zan tafi butik, ya tare ni a zaure. Ashe labari ya gama unguwa. Mata sun ce ba za su sayi ko gishiri a hannun wanda ya kwantar da kyanwa da magana ɗaya ba.

Na ce, "Ai ba ta mutu ba, Baba."

Ya ce, "Na sani. Amma ciniki ba ya son tsoro. Ƙanenka zai zauna. Kai ka sauka kwari ka kama ban ruwa a lambu, can babu mai jin ka sai albasa."

Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan guga. Duk ran da na kawo kaya kasuwa nakan hango kyanwar a butik a kan buhu, ta yi ƙiba, tana barci.