Waƙa ta Huɗu a Gaban Zumuntar Mata

Maigidana yana da wani faifai da ya yi shekara talatin yana wa'azinsa, bai samu mai tuba ko ɗaya ba. Kaset ne a da, ya tsince shi a akwatin marigayi yayansa wanda ya yi aikin reluwe a nan Kafanchan. Da zaren ya fara taunewa, sai ya naɗe shi a hankici ya kai wa masu tura waƙa a bakin kasuwa, suka juye masa a memori. Mawaƙin wani bawan Allah ne da ban taɓa jin an ambaci sunansa ba sai a gidanmu. Faifai ɗaya tak ya yi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A hoton bayan kaset yana tsaye da gashi kamar an kife masa kwando, da wando mai faɗin ƙafa wanda zai ishi mata biyu siket.

"Maman yara, kasa kunne," in ji maigida duk ranar Asabar. "Wannan salon kiɗan shi ake ce wa sol, kin ji yadda yake roƙo? Yanzu fonk zai shigo. To ga rok nan ya biyo baya. Tukunya uku a kan murhu ɗaya, kuma babu wadda ta ƙone."

Ni dai abin da nake ji shi ne jita tana kuka kamar akuyar da ƙahonta ya maƙale a danga. Nakan ce masa waƙar duniya ce, ya ɗauki sifikarsa ya koma gindin mangwaro. Shi kuma ya tafi yana mita, wai duniya ta zalunci mutumin nan, wai da a wata ƙasa aka haife shi da yanzu hotonsa yana jikin riguna.

Bara waccan cittarmu ta yi kyau. Wanda ya san aikinta ya san cewa bayan an tone, sai an zauna da wuƙa an tsaga kowace ƙwaya biyu kafin a shanya, kuma aikin ba ya ƙarewa. Wata safiya maigida ya tafi Kachia, ya bar sifikar a kan taga. Na danna don in nemo wa'azin rediyo, sai faifan ya kama. Na gaya wa kaina hannuna duk ƙasa ce, ba zan sake taɓawa ba. Bokitin ruwa yana gefena, amma ban dube shi ba.

Ranar ce na fara jin faifan babu mai yi mini bayani a kai. Waƙa ta biyu a hankali take tafiya, da ogan irin na coci a ƙarƙashinta, muryar mutumin kuwa kamar ta wanda ya yi kuka a ɗaki ya wanke fuska kafin ya fito. Ta uku ganguna ne da bigila suna gardama. Amma ta huɗu ce ta kama ni. Akwai wata jita mai kaurin murya da takan yi taku uku ta tsaya, kamar wadda ta manta wani abu a gida, sannan ta ci gaba. Kafin in ankara wuƙata ta bi sawunta, har tsayawar muke yi tare. Can ƙarshe akuyar nan ta shigo, sai na ji ashe ba kuka take ba, hawa take yi, a hankali da nishi kamar jirgin ƙasa a tudun Kagoro. Na gama buhu guda rana ba ta kai tsaka ba.

Turancin sakandare ya ishe ni in gane maganar. Wani mutum ne yake roƙon matarsa, wadda ta haɗa kaya za ta tafi, ta ajiye jakarta. Babu kalmar batsa ko ɗaya. Na mayar da ita sau biyar don in tabbatar.

Ranar Talata ina jera bencuna a coci kafin taron zumuntar mata, ashe muryar waƙar tana fita ta hancina. Uwar zumuntarmu tsohuwar hedimastara ce, kunnenta yana jin raɗa daga benci na ƙarshe. Ta dafa kafaɗata.

"'Yata, sake yi in ji."

Na sake.

"Ban san wannan ba. Daga ina?"

A wurinmu ba a sayen sabuwar waƙa. Mace takan same ta a gona, ko a mafarki, ko a kan gadon jinya, ta kawo muryar, sauran mata su taru su sa mata kalmomi. Wadda ta kawo kuwa ana kallonta da daraja, don an ce Ruhu ya ziyarce ta. Na buɗe baki, gaskiyar ta zo har maƙogwaro, sai na tuna sau nawa na tsaya a wannan ɗaki ina roƙon a yi wa maigidana addu'a ya rabu da waƙoƙin duniya. Na rufe bakin na sunkuyar da kai.

"An ba ki," in ji ta. "Dubi yadda take jin kunya. Haka masu baiwar gaskiya suke."

Kafin a tashi an sa kalmomi: godiya don ruwan sama, godiya don citta, godiya don 'ya'ya. Mai buga mana tulu wata kaka ce da ta haura saba'in, Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace a magana. Ni na koya mata takun jitar da bakina. Ta gwada, ta ɓata, ta sake gwadawa, har ta kama.

"Wannan kiɗan na sama ne," in ji ta. "Yana tsaya inda ɗan Adam ba ya tsaya."

Da a nan abin ya ƙare, da wataƙila na haɗiye shi. Sai aka ce waƙar za mu kai babban taron zumunta na gunduma a Zonkwa. Ni zan ja baƙi sauran su amsa, kuma kafin a fara zan riƙe makirfo in ba da shaidar yadda Ubangiji ya ba ni ita. Shiru a gefen benci wani abu ne, amma wannan ƙarya ce da zan yi da bakina, a gaban bagadi, da zanen zumunta a jikina.

Wata la'asar maigida ya zo ɗaukata a mashin muna tsakiyar gwaji. Na hango shi ta taga ya tsaya cak da makulli a hannu. Muna tsallake layin dogo sai mashin ya fara rawa da mu saboda dariyarsa.

"Baban yara, za ka kayar da mu."

"Shekara talatin ina wa'azi, ashe tubabbiyar tana cikin gidana."

"Ka rufa mini asiri."

"Ni? Bakina alaikum."

Ya riƙe alkawari, amma kowace safiya in na kawo masa koko sai ya ce, "Mai wahayi, an sake ba ki wata jiya? Akwai mai kyau ta bakwai." Wannan na iya jurewa. Wanda ban iya jurewa ba shi ne ranar da ya ajiye kofi, ba dariya a fuskarsa, ya ce, "Mutumin nan ba wanda ya taɓa ce masa sannu da aiki. Yanzu abu ɗaya da ya bari ya shiga bakin mutane, kuma ba da sunansa ba."

Na ɗauki littafin rubutun yara na gwada tsara shaidar da ba ƙarya ba ce, ba kuma gaskiya ba. Shafi uku na yi, kowanne na karanta sai in ji warinsa. Addu'a ma ta ƙi. In na durƙusa na rufe ido, sai in ga gashin nan kamar kwando.

Saura mako biyu taron, na miƙe a zumunta lokacin roƙon addu'a na faɗi komai, idona a kan siminti. Uwar zumunta ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a ji ba," in ji ta. "Ranar Alhamis, a gidana, don waƙar ba za ta shiga ɗakin sujada ba. Ki zo da mai kayan."

Maigida ya zo da kwat ɗinsa na Lahadi, sifika naɗe a tawul. Mata kusan talatin a kan tabarmi da kujerun roba, fuskoki a ɗaure kamar gidan makoki. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya gyara murya ya ce, "Iyayena mata, kafin mu fara, ya kamata ku san tarihin ganga."

"Minti biyu, ɗana."

Ya ci goma. Sannan ya ƙi sa ta huɗu kai tsaye, wai jin ta ba tare da ukun farko ba kamar shan miya ne ba tuwo.

Ni da aka zaunar a gefe kamar mai laifi a kotu, kaina a ƙasa, ƙafafu kawai nake gani. A waƙa ta farko duk suna nan lafiya. A ta biyu wata gwauruwa ta jawo bakin zane ta share ido. A ta uku babban yatsan matar fasto ya fara ɗagawa yana sauka cikin silifa, ta sa ɗaya ƙafar ta danne shi. Da ta huɗu ta shigo, sai ga leɓɓa suna motsi da kalmominmu na godiya a kan muryar mutumin, ba wadda ta shirya hakan. Da jitar ƙarshe ta fara hawanta, wata ta toshe kunne ta ce, "Wannan ba a kai shi asibiti ba?"

"Me yake cewa ne?" in ji gwauruwar.

Na ce yana roƙon matarsa ta ajiye jaka kada ta tafi.

"Ta ajiye?"

"Bai faɗa ba, Mama."

"Ba za ta ajiye ba. Mai irin wannan daɗin baki, shi ne da laifi."

Aka shiga muhawara. Wata ta ce da irin wannan kiɗa ake rawa a otal da kwalba a hannu, ba za a hau bagadi da shi ba. Wata ta ce ai mutumin gafara yake nema, wanda ya fi abin da mazan da ta sani suke yi. Maigida ya ɗaga hannu, aka ce ya sauke. Da kowa ya gaji, kaka mai tulu ta jawo tulunta tsakanin ƙafafu.

"Wannan tulu da kuke rawa da shi shekara ashirin, na burkutu ne. Ni na saida a ciki, kowa ya sani, mazan wasu a nan sun sha. Ranan da na tuba, na wanke shi, na kawo shi coci. Wa ya taɓa bugu don ya ji shi?" Ta buga taku ukun nan ta tsaya. "Sati shida ina koyon wannan. Ba zan jefar ba."

Uwar zumunta ta bari dariyar ta lafa.

"Waƙar ba ta yi mana ƙarya ba," in ji ta. "Za ta je Zonkwa. Amma ke, 'yata, ba ke za ki ja baƙi ba, layin baya za ki tsaya. Shaida kuwa sai kin bayar, ta gaskiya, da sunan mai waƙar."

Na fi son a ce in share coci wata shida. Ban faɗa ba.

A Zonkwa makirfon ya yi mini nauyi kamar taɓarya. Jimla huɗu na yi. Na ce muryar ba tawa ba ce, na ce na yi shiru na bari aka yabe ni, na roƙi gafara, sannan na faɗi sunan mawaƙin. Lasifika ta kai shi har bakin titi. Ba wadda ta san shi. Mai gabatar da shiri ta ce in maimaita, na maimaita. Can bayan rumfa, inda masu mashin suke jira, na hango maigida ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Na koma layin baya, kaka ta buga tulu, mata suka ɗauka. Daga inda nake ina ganin ɗankwalayen wasu gundumomi suna bin takun, har da tsayawar.

A hanyar gida ya ce mun yi ƙoƙari, sai dai mun bar jitar ƙarshe, kuma ita ce zuciyar waƙar. Na ce in ya samu wadda za ta yi wannan kukan a cikin zumunta, ya kawo ta.

Har yau ba mu sani ba ko mutumin yana raye. A addu'ar safe nakan sa shi bayan marasa lafiya da matafiya, in ce Ubangiji ya dube shi inda yake, shi da matar, ko ta ajiye jakar ko ba ta ajiye ba. Amin ɗin maigida a wurin ya fi wanda yake yi wa danginsa ƙarfi.