Ranar da Na Kira Sunansa a Kwazazzabo

Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa kama sunan mijina ba. Haka na ga uwata tana yi, haka ma kakata. Malam nake ce masa, in kuwa muna cikin mutane sai in yi gyaran murya, ya juyo.

Da aikin injiniya ya kawo mu birnin Alexandria na ƙasar Amurka a shekarun tamanin, muka tare a wani dogon bene, sai abin ya fara damunsa. Yakan ji maƙwabciyarmu tana ƙwala wa mijinta kira daga baranda, ya dube ni ya ce ko sau ɗaya ne yana so ya ji yadda sunansa yake a bakina. Sai in ja mayafi in rufe fuska. Littattafan soyayyar da ƙanwata ke aiko mini daga Kano cike suke da 'yan mata masu kiran masoyansu da sanyin murya. Ina karantawa ina lumshe ido, amma da na buɗe baki sai harshena ya yi nauyi. A kwana a tashi ya daina roƙo, shirun kuwa ya fi roƙon yi mini ciwo.

Wani hutun makaranta ya ɗauke mu, ni da shi da ƙaramar 'yarmu, zuwa jihar Utah, inda ake hawan kwale-kwalen roba a kogi da safe a sauka da la'asar. Ban taɓa ganin ƙasa irinta ba. Duwatsu jajaye kamar an ƙunsa musu lalle, tsaye dama da hagu har sai ka ɗaga kai, ga kogi ruwan ƙasa yana ratsa tsakiyarsu. Zafin ranar ma irin na gida ne.

Matuƙiyarmu wata Baturiya ce da rana ta gasa wa fuska. Ta ɗaura mana rigunan hana nutsewa, ta miƙa wa manya filafili, ta ce ruwan yau mai sauƙi ne, har yara na shiga. Amma in wani ya faɗa, na kusa da shi ya kira sunansa da ƙarfi, don ya san inda zai juyo ya kama igiya. Ni aka zaunar bayan Malam.

Ya waiwayo yana murmushi. "Amarya, kin dai ji. Kogin nan bai san Malam ba."

"To sai ka riƙe da kyau," na ce.

Da farko tafiyar kamar lilo. 'Yarmu tana jan yatsu cikin ruwa tana yi wa ubanta surutu da Turanci, shi yana amsa mata da Hausa. Can muka jiyo ruri a gaba, inda ruwa ke tafasa a kan duwatsu. Kwale-kwalen ya ɗaga, ya faɗo, ya karkace. Da na share idona, wurin zamansa babu kowa.

Na hango ƙeyarsa cikin kumfa, yana lalube, ya ba mu baya. Na ce Malam, rurin ya haɗiye. Matuƙiya tana fama da filafili da hannu ɗaya, igiya a ɗayan. Ban san sadda sunan ya fito ba. Ya fita da wata murya da ban san ina da ita ba, ya bugi dutsen can, ya dawo, dutsen nan ya karɓa ya mayar. Ya juyo. Aka jefa igiya, ya kama.

Da rana aka tsaya a wani yashi don cin abinci. Yana zaune yana ɗiga, ba takalmi ƙafa ɗaya, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

"Ruwa ya toshe mini kunne, ban ji sosai ba," ya ce. "A maimaita."

"Ai duwatsu sun maimaita maka."

Ya yi dariya har ya kwanta a yashin, 'yarmu tana tambayar me ya faru.

Muka dawo Alexandria na koma Malam ɗina, bai kuma sake roƙo ba, sai dai wannan karon fuskarsa a sake take. Wani lokaci in na goge daɓen kicin yakan yi kamar santsi ya kwashe shi, ya tsaya yana dubana. Allah ya jiƙansa. Yau ma da na zo wurin rubuta sunan a nan, hannuna ya ƙi.